Muryar Saleh a Kaset

Inna Dijatu tana tankaɗen garin dawa a tsakar gidansu da ke Azare lokacin da 'yarta Zinatu ta faɗa mata Uzairu zai turo manyansa. Ba ta ajiye rariyar ba. Ta tambaya ko ɗan acaɓan nan ne na Chinade, mai surutu da sauri-sauri yana dukan tankin babur, wai shi mawaƙi.

"Rap ake ce masa, Inna."

"Ko ma mene ne. Ni mawaƙan da na sani a talabijin nake ganinsu, da mota da sutura. A gan shi can tukuna."

Uzairu da yayansa Saleh suka fara waƙar. Saleh yakan buga tanki da zobensa yana amshi, Uzairu yana jero baitoci a kan gona, da hanya, da mahaifiyarsu. Kaset ɗaya tak suka ɗauka da wata tsohuwar rikoda. A daminar 2005 mota ta kaɗe Saleh a hanyar Chinade, ya rasu. Abin da ya rage na muryarsa a duniya kaset ɗin nan ne, musamman ƙarshen waƙa ta uku, inda ya fashe da dariya ya ce, "Kai, ka ci baiti, sake!"

Zinatu ta faɗa wa Uzairu maganar Inna, ta kuma yi nadamar faɗa, domin nan take ya ce Kano zai tafi. Ta roƙe shi ya bari, ya ƙi. Sai ta nemi aron kaset ɗin na kwana ɗaya. Da ƙyar ya ba ta, washegari ta mayar masa.

A Kano, wani furodusa ya saurara minti guda ya kashe. Ya ce wannan kukan ƙauye ne, ba ya sayuwa, amma kiɗan da daɗi. Ya kwashe bugun Saleh ya zuba a fiyano, ya rubuta sababbin baitoci rabi Turanci. Aka aro wa Uzairu sarƙa da baƙin gilashi, aka jingina shi da motar wani, aka ɗauki bidiyo. Ranar da Uzairu zai dawo ya nemi kaset ɗinsa. Furodusan ya ɗaga kafaɗa ya ce ai tuni aka ɗauki tallan sabulu a kansa.

Uzairu ya fito ya zauna a bakin titi. Ranar ya ji kamar yanzu aka rufe Saleh, kuma shi ya zuba ƙasar.

Faifan bidiyon ya riga shi isa Azare. Inna Dijatu ta tara maƙwabta kallo, tana nuna shi da yatsa. Malam Jalo kuwa, mahaifin Zinatu, ɗan kasuwar hatsi, ya kalla har ƙarshe. Sai ya sa aka kira Uzairu zaure.

"A waƙarka ka ce kana da 'yan mata goma a Legas, ka ce ba ka barci sai da kwalba. In gaskiya ne, ba zan ba ka 'yata ba. In ƙarya ne, ka tsaya gaban duniya ka yi ƙarya don a tafa maka, nan ma ba zan ba ka ba. Wanne ne, ɗana?"

Uzairu ya tashi ya fita. Ya koma Chinade, ya kama gona da babur, ya daina waƙa.

Malam Jalo ya hana a ambaci sunansa a gidan, Zinatu kuma ta bi. Ta rame, takan yi kukanta a madafa ta ce hayaƙi ne. Manema suka yi ta zuwa tana ba su haƙuri. Bayan wata tara uban ya kira ta, ya tambaye ta me ta gani a jikin mai baƙin gilashin nan.

"Baba, ni ma ban san wancan ba. In ka yarda, zan sa maka wanda nake so."

Ta ɗauko wani kaset daga ƙasan akwatinta. Ashe ranar da ta ari na Uzairu, shagon Ebubechi mai kaset ta kai aka kwafa mata. Ga ƙugin iska, ga carar zakara, ga zobe a kan tanki, sai murya:

*Gero ya tsaya iya gwiwa, sama ta yi shiru,*
*Inna ta dafa rama, ta ce ita ta ƙoshi.*

Malam Jalo ya sunkuyar da kai. Ya tuna shekarar yunwar nan, ya tuna matan da suka riƙa zuwa rumfarsa su taɓa buhu su wuce. Ya ce yanzu ya san ko wane ne yaron, a aika a kira shi.

Uzairu yana cire takalmi a bakin zaure ya jiyo dariya daga cikin gida.

"Kai, ka ci baiti, sake!"

Uzairu ya gane muryar Saleh. Ya durƙusa yana kiran sunan yayansa, Malam Jalo ya dafa kafaɗarsa ya bar shi ya yi kukansa. Daga bayan ƙofa Inna Dijatu ta ce ita ta tura shi Kano, ya yafe mata.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Uzairu ya koma waƙa a kan tanki, Zinatu ce mai amshi, a cikin gida. Duk sanda suka zo ƙarshen waƙa ta uku sai su yi shiru, su bar wa Saleh wurinsa.

Matasa, duk wanda ya ari rayuwar wani ya rera, wata rana za a tambaye shi wanne ne shi. Uzairu ya ci sa'a akwai mai haƙurin da ta adana masa gaskiyarsa. Ba kowa ke samun haka ba.