Ɗakin Jar Fitila

A cikin duhu suka haɗu, don haka muryarta ya fara so kafin fuskarta. Dokar ɗakin awon Dakta ce: kafin a auna ido sai mutum ya zauna cikin duhu idon ya huta, babu haske sai 'yar jar fitilar da ke hannunta.

"Kai ne telan?" ta tambaya.

"Ni ne. Amma a nan, ko ƙofar gida ce kafar allurar, ba zan iya zura zare ba."

Ta yi dariya, abin da ɗakin ya daɗe bai ji ba. Ƙuruciyarta duk ta tafi kan binciken 'yan ƙwayoyin bayan ido masu kama haske, waɗanda in sun mutu ba sa dawowa. Nasa sun fara mutuwa. Da dundumi abin ya soma, yanzu ganinsa na tsukewa ta gefe. Yana cikin waɗanda aka zaɓa a gwada musu maganin da ta haɗa.

So ba ya sallama. Ba a jima ba waya ta ɗauki zafi.

"Fitilata, yau na ɗinka aljihu a bayan riga. Laifin idona ne ko naki?"

"Naka ne, Sarkin Allura. Ka zo awo da wuri."

Da maganar ta kai kunnen Baba, mahaifinta, sai ya ture kwanon abincinsa.

"Ke da kika fi kowa sanin inda idon nan ya dosa? Duk karatun nan, ki ƙare 'yar jagora?"

Akwai kuma wani abokin aikinta da ya daɗe yana sonta bai samu fuska ba. Shi ya tare telan a bakin ƙofa ya ce, "Malam, mai bincike ba ta auna wanda take so. Ran da aka gane, a kwandon shara aikinta zai kwana, har da na sauran marasa lafiya." Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba.

Washegari telan ya janye sunansa daga gwajin, ya kashe waya.

"Sarkin Allura, na yi maka laifi ne?"

Saƙon nata bai ko shiga ba. Ta ɗauka maganar Baba ce ta kore shi. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta duƙufa kan aiki.

Maganin ya yi. Bai ta da ƙwayoyin da suka mutu ba, amma ya tsare masu rai. Ranar da aka rufe gwajin ana ta yi mata barka, ita kuwa shagonsa ta nufa. Ta tarar da keken ɗinki a lulluɓe, shi yana laluben bakin yadi da yatsa. Ta tsaya daf da kafaɗarsa, bai gan ta ba sai da ta yi magana.

Nan ya faɗa mata komai.

"Don Allah me ya hana ka gaya min? Ai da ni na bar aikin!"

"Shi ya sa ban faɗa ba. A layin awo akwai wata uwa da yaranta, duk ciwona ne da su. Nawa idon biyu ne kawai."

Ta mayar da shi ɗakin jar fitila ta auna shi da kanta. Layin da ke kan allon na'urar kusan a miƙe yake ba motsi. Babu abin da ya rage da magani zai tsare; ɗan ganin da ke tsakiya kamar kafar allura, shi ma ya kama hanyar rufewa. Ta kifa kai a kan na'urar, shi ne ma yake ba ta haƙuri.

Baba ya ji labarin, ya kira ta.

"Na so miki mai ido," ya ce. "Ki ce ya turo manyansa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Ranar da aka kai ta, bayan 'yan rakiya sun watse, ya zaunar da ita jikin taga.

"Kada ki motsa, Fitilata. Ba kya shiga idona gaba ɗaya."

Ya kalli gira, ya kalli ido, ya gangaro kan baki, yana haɗa ta a ransa ƙyalle bayan ƙyalle. Hawaye na zubo mata, amma ba ta motsa ba.

Ba a yi nisa ba kafar allurar ta rufe. Dakta ta yi furfura a ɗakin jar fitila, yara da yawa na karatu da idanunsu ta dalilinta. Shi kuwa har yau, in jikoki suka ce ya kwatanta musu kakarsu, amarya yake kwatantawa.