Ƙugiyar da ta Karye

Da hantsi aka kira Insfekta Wekesa bakin kasuwar kifi a Kisumu. Wani ɗan acaba, Okoth, na kwance ba rai, fistol a gefen hannunsa, kwanson harsashi uku a ƙasa.

Saje Mutiso ya sara masa, ya kira shi Afande, wato ranka ya daɗe. "Afande, ɗan fashi ne. Sau biyu ya harbo ni ya kuskure, na rama sau ɗaya."

A garin nan maganar mai kaki ba ta da abokin musu, tunda gawa ba ta ba da bayani. Kafin azahar rediyo ta gama yanke wa Okoth hukunci.

Wekesa ya tambayi mai suyar kifin da ke kusa.

"Mama, me kika gani?"

"Hayaƙi, ɗana. Kullum hayaƙi nake gani."

Uwar mamacin ta sami Wekesa a ofis. "Ba zan kai shi ƙauye da sunan ɓarawo ba. Ku riƙe gawarku har ku maido masa da sunansa."

Wekesa ya kwance fistol ɗin a kan tebur. Ta waje sai ƙyalli, ta ciki tsatsa da busasshen mai. Ya duba 'yar ƙugiyar nan da ke kama bakin kwanso ta fizgo shi waje bayan harbi. Haƙorinta ya karye, kuma karayar ta tsufa har ta yi baƙi.

Ya ɗauki kwanson uku ya juya su a ƙarƙashin gilashi. Kowanne da karce a bakinsa, iri ɗaya, wuri ɗaya.

Ya aika a kira Mutiso.

"Saje, yaushe rabonka da kwance bindiga?"

"Kullum muna gogewa, Afande."

"Gogewar fareti. Ciki nake tambaya." Ya tura masa fistol ɗin. "Wannan in ta yi harbi ɗaya, kwanson maƙalewa yake, sai an zaƙulo shi da tsinke. Ka ce sau biyu ya harbo ka. Tsayawa ka yi kana jiransa ya nemo tsinke?"

Wekesa ya jera kwanson a gaban Mutiso.

"Ƙugiya ɗaya ce ta karci kwanson nan uku, mai lafiya kuwa. Miƙo taka."

Mutiso bai miƙa ba. Ya zauna, ba a ba shi kujera ba.

"Bindigar da ke gefen ɗan acaban, daga ɗakin ajiyar shaidu na ɗauko ta," in ji shi. "Ce masa na yi ya kai ni ofis. Ya ce tumbina zai fasa masa taya. Matan kasuwa suka yi ta dariya, Afande. Ina cikin kaki."

Aka sa masa ankwa, aka bi da shi ta ƙofar baya don kada a gani.

Uwar Okoth na nan kan benci. Wekesa ya gaya mata komai. Ta gyara ɗankwalinta.

"To, rediyon fa? Yaushe za su sake faɗa?"

Wekesa ya dubi takalminsa.