Mutumin da Ya Zo Hutu Katsina

Ranar da Fadila ta fara ganinsa, hadari ya haɗo daga gabas, tana sauri ta koma gida daga shagon ɗinki kafin ruwa ya sauko. Sai ga mutum tsaye a gindin hasumiyar Gobarau, ya ɗaga kai sama har hularsa na neman faɗuwa, ga wata ƙatuwar jaka goye a bayansa.

"Baiwar Allah, don Allah matakala nawa ce a cikin nan?"

Ta dubi hasumiyar, ta dube shi. Shekara ashirin da uku tana wucewa ta nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙawa ba.

"Wallahi ban sani ba. Wurin wa ka zo?"

"Ba kowa. Hutu na zo."

"Hutu? A Katsina?"

Dariya ta kuɓuce mata, ita da ta daɗe rabonta da dariya. Kafin ya ba ta amsa ruwa ya kece, suka ruga wata rumfa suka fake. A nan ya gaya mata sunansa Sammani, mutumin Haɗeja, yana aikin gwajin jini a Kano. Duk shekara in ya karɓi hutunsa sai ya zaɓi gari ɗaya a ƙasar nan ya je ya gani. In da masauki ya kama ɗaki, in babu ya kafa tantin da ke cikin jakar nan.

"Abokaina Dubai suke mafarki," in ji shi, "ni kuwa ƙasata ma ban gama ganinta ba. Na je Mambila, na je Argungu, na je Yankari..."

Yana ambaton Yankari fuskarta ta canza. Ta ja mayafinta ta ce ruwa ya tsagaita, za ta wuce. Da ƙyar ya samu lambarta, wai don ta nuna masa inda ake sayar da fura mai kyau.

Furar nan dai kwana biyar ana nemanta. Ranar da zai koma ya turo mata saƙo:

"Na ƙirga, na hau har sama, na hango duk garinku. Amma abin da na fi so a Katsina a ƙasa na same shi, yana gudun ruwa."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta rubuta: "Bahaɗeje da daɗin baki. Allah ya kai ka lafiya. In ka sauka ka gaya mini, don Allah kar ka manta."

Bai san nauyin wannan roƙon ba sai bayan wata biyu, da ya zo zance zauren gidansu a Ƙofar Durɓi. Ranar ta ba shi labarin yayanta Abba. Shekara shida ke nan da ya bi abokansa 'yan makaranta yawon buɗe ido Yankari, taya ta fashe tsakanin Ningi da Bauci. Kafin labari ya iso Katsina mutanen wani ƙauye sun yi masa sutura sun binne shi, kamar yadda addini ya ce. Mahaifinsu, Alhaji Mati, da ya ji sai ya yanke jiki ya faɗi, ya yi sati uku a asibiti. Bai taɓa ganin kabarin ba, sunan ƙauyen ma bai yarda kowa ya tambaya ba. Tun daga ranar ya kafa doka, ba wanda zai sake fita garin nan a gidansa. Bikin dangi a Daura ma saƙo ake aikawa.

"Ka ga ke nan," ta ce tana murza bakin mayafinta, "duk mazan duniya na rasa wanda zan so sai mai tanti."

"Bakatsiniyata, kar ki yi kuka. Zan yi masa bayani."

Bayanin ne ya ɓata komai. Da Alhaji ya kira shi ya tambaye shi abin da ya fara kawo shi Katsina, da ya ce aiki, ko ziyarar wani malami, da an wuce wurin. Amma Sammani, Allah sarki, bai iya kwana-kwana ba. Ya ce hutu. Ya ƙara da cewa yana fatan wata rana ya nuna wa Fadila ƙasar nan kaf.

Fadila na laɓe a bayan ƙofa tana saurare.

"Yaro," in ji Alhaji a hankali, "ban ga aibu gare ka ba. An bincika, an ce kana da salla, kana da sana'a. Amma mutumin da za shi ɗauki ƙafa shi tahi garin da ba shi da kowa, ba fatauci ba, ba zumunci ba, don kallo kawai? Titi ya ci mini ɗa guda. Ba ni ba shi ɗiyata da hannuna. Tashi ka tahi, Allah shi haɗa kowa da rabonshi."

Haka gidan ya koma kamar an yi sabon rashi. Fadila ta daina cin abinci, ta je shago ta ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu. Mahaifiyarta, Inna Furera, ba ta iya cewa komai sai "ki yi haƙuri", ita ma da nata ciwon. Ga kuma Babaji, ɗan ƙanen Alhaji mai shagon siminti a Ƙofar Ƙaura, ya samu ƙofa. Kullum bayan la'asar yana zaure da ledar tsire. Mutumin kirki ne, ba a ce ba, sai dai babban abin da yake tinƙaho da shi shi ne bai taɓa kwana a wajen Katsina ba, kuma Alhaji na jin daɗin jin haka.

Sammani ya yi ta kira, tana kuka yana lallashi. Ana nan sai wata Laraba wayarsa ta daina shiga. Alhamis shiru, Juma'a shiru. Ranar Asabar Babaji ya miƙo mata wayarsa yana murmushi.

"Ga mutuminki. Ke kina nan kina ramewa."

Hoto ne wani abokin Sammani ya sa a shafinsa: koren tanti a gindin bishiya, Sammani na hura wuta, an rubuta "hanyar Bauci". Hanyar Bauci fa! Duk hanyoyin ƙasar nan ya rasa wadda zai je shaƙatawa sai wadda ta cinye mata ɗan'uwa. Nan take ta rubuta masa:

"Ashe hutu ka tafi. Allah ya ba da sa'a. Ni ce wawuya da na ɗauka ciwona ciwonka ne. Kar ka sake nemana."

Amsa ba ta zo ba sai ranar Litinin da hantsi.

"Fadilata, babu sabis a inda na shiga. Ƙauye bakwai na shiga ina tambaya. Na samu inda Abba yake. Ina hanya."

Ta zauna daɓas a bakin gado. Kukan da ta yi ranar, rabinsa na Abba ne, rabinsa na kunyar abin da ta rubuta.

Da la'asar ya iso, ya yi baƙi ya rame, cizon sauro duk a hannuwansa. Ya durƙusa gaban Alhaji ya ce ya samu limamin da ya yi wa Abba salla, ya naɗo muryarsa a ɗayar wayarsa. Alhaji ya miƙe tsaye.

"Wa ya aike ka? Wa ya ce ka tono mini abin da na rufe? Fita!"

Sammani ya fita, amma ya bar wayar a kan tabarma. Kwana uku tana ajiye a kan talabijin, ba mai taɓa ta. Fadila ta riga ta cire rai, har ta fara tunanin yadda za ta koyi zama da Babaji. Rana ta huɗu bayan azahar, Inna Furera ta ɗauki wayar, abin da ba ta taɓa yi ba na tsallake maganar mijinta.

"Alhaji, ni na haife shi. In kai ba ka so, ni ina son in ji. Fadila, kunna mini."

Muryar tsoho ce ta fito, tana rawa. Ya ce yaron bai rasu nan take ba, ya kai kusan sa'a guda. Wata tsohuwa Hajara ce ta ɗora kansa a cinyarta ta ba shi ruwa. Ya ce bai yi ihu ba, ya yi ta maimaita kalmar shahada, kuma abin da ya dame shi kawai shi ne, "Babana yana da hawan jini, a gaya masa a hankali." Ya ce sahu huɗu aka yi a sallarsa, kuma duk damina suna gyara kabarin, don sun san wata rana masu shi za su zo.

Alhaji na ɗakinsa, amma labule ba ya tare murya. Can suka ji wani irin sauti da Fadila ba ta taɓa ji daga bakin mahaifinta ba. Shekara shida yana zaton ɗansa a yashe ya mutu a bakin titi ba kowa a kansa, shi ya sa ya kasa tambaya.

Da ya fito idanunsa jajir, bai dubi kowa ba.

"Fadila, kira mini yaron nan. Tambaye shi awa nawa ne zuwa ƙauyen."

Ranar Asabar da sassafe suka ɗauki hanya, Sammani na tuƙi a hankali har manyan motoci na wuce su. Alhaji na gaba riƙe da carbi, yana ja har suka wuce Kano. Fadila da Inna na baya. Rabonta da ganin gonaki haka shimfiɗe kore shar tun tana sakandare, amma ba ta iya jin daɗin kallon ba.

Ƙauyen ƙarami ne, gidaje ba su fi arba'in ba. Mata suka ja su cikin gidan liman, aka kawo tsohuwa Hajara, ta makance yanzu. Ta shafa fuskar Inna Furera ta ce, "Ke ce uwarsa? Yaronki mai ladabi, har godiya ya yi mini da na ba shi ruwa." Suka rungume juna suna kuka.

Ta saman danga Fadila ke hango maƙabarta. Maza suka yi addu'a suka watse, Alhaji ya ƙi tashi. Yayyafi ya fara, liman ya yi magana, ya ƙi. Sai ta ga Sammani ya nufi mota da gudu ya dawo da jakar nan. Ya kafa tantin a gefen kabarin, ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi a bakin ƙofar, shi kuma ya koma waje ya tsuguna ruwa na dukansa. An jima ta ga hannun mahaifinta ya fito ya jawo shi ciki.

Abin da suka tattauna ba ta ji ba. A hanyar dawowa dai, wajen Birnin Kudu, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Sammani, ka gaya ma magabatanka su zo. Amma da sharaɗi. Duk inda za ka kai ta, tahiyar safe za ku yi."

Sammani ya gangara gefen titi ya tsaya, don hawaye sun hana shi ganin hanya. Fadila ta cusa fuskarta a kafaɗar Inna.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Mati. Babaji, Allah ya saka masa, shi ya kawo kujeru da rumfuna. Limamin ƙauyen nan ma sai da aka aika mota ta ɗauko shi, shi ya yi addu'a. Ba a yi wani kiɗa ba, gidan bai saba da shi ba tukuna. Kuma saɓanin yadda aka saba, da hantsi aka ɗauki amarya, rana tana haska ta tana kuka.

Kafin ta shiga mota ta durƙusa gaban mahaifinta. Ya ɗora hannu a kanta ya daɗe. Ya juya ya shige zaure.

Suna isa Kano, mata na guɗa ana cewa ta shiga da ƙafar dama, Sammani ya ratso su ya miƙa mata wayarta.

"Amaryata, kafin komai."

Bugu ɗaya aka ɗauka. Ashe tun tashinsu Alhaji na zaune a zaure da wayar a tafin hannunsa, ko abinci ya ƙi ci.

"Baba, mun sauka lafiya."

Ta ji numfashinsa ya sauka a hankali.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ɗiyata, Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba. Ku tahi duk inda kuke so, Allah shi tsare." Har za ta kashe, ya ƙara da cewa, "Ki dai riƙa kirana."