Zobban Fistin a Akwatin Aurena

"Ina zobban suke, Usto?"

Yayana, wanda muke kira Aka Sorbon, bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi tsorata ni ke nan. Yana tsaye ƙarƙashin babbar bishiyar tsakar gidanmu da muke kira tut, inda injin motar marigayi babanmu yake rataye da sarƙa sati biyar cur. Maƙwabta uku da suka shigo shan shayi suna zaune a kan dandamali. Ni kuwa ina bakin madafa riƙe da butar shayi.

Behruz makanike, wanda ake kira Usto, wato gwani, ya goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Ya ce jiya da la'asar ya ajiye kwalin zobban a kan bargon da yake jera kayan injin, yau da safe ya zo bai gan shi ba.

"Wato aljanu suka ɗauka," in ji yayana.

Ba aljanu ba ne. Zobban fistin ɗin, waɗanda injin ba ya tashi sai da su, suna cikin akwatin kayan aurena, ƙarƙashin barguna bakwai da mahaifiyata ta ɗinka mini. Ni na sa su da hannuna.

Sunana Sabohat. A ƙauyenmu da ke saman kwarin Rasht babu gareji, sai ka gangara garin Gharm, kuma wa zai ja mataccen jif a kan wannan hanyar? Don haka da Aka Sorbon ya dawo daga Rasha ya ce ya gaji da ɗaukar bulo a ƙasar mutane, zai tada motar Baba ya riƙa jigilar fasinja, sai aka kira Behruz ya yi aikin a gida. Kututturen icce ya zama jakin ɗaga mota. Kwanon da Oca, mahaifiyarmu, take dafa tuffa ya zama na wankin ƙarfe da man dizal. Kofunan shayinta na baƙi suka cika da notuna, kowane kofi da irin nasa, tana ta mita amma ba ta hana ba.

Duk namijin ƙauyenmu makanike ne da baki. Su zo su kewaye injin, hannu a baya, kowa yana faɗin abin da ya kamata a yi, ko sifana ba su san yadda ake riƙewa ba. Behruz sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Wannan shirun nasa ne ya fara kama ni.

Ranar da wani ɗan noti ya suɓuce masa ya faɗa wani lungu a jikin injin, hannunsa ya ƙi shiga. Na kawo shayi ke nan. Sai na naɗe hannun rigata na ciro masa.

"Allah ya yi wa hannun nan albarka, Sabohat-jon," ya ce a hankali.

Jon. Raina ke nan fa ya ce. Kwana uku ban bari sabulu ya taɓa baƙin man da ke ƙasan farcena ba.

Daga nan na zama mai kawo shayi sau biyar a yini. Ya nuna mini fistin, ya nuna mini gaskit, wato faifan da ke hana injin yoyo, wanda ya ƙone, ya ce inji ba ya ƙarya, idan ka saurare shi zai gaya maka inda ke masa ciwo. Wata rana yana kankare tsatsa, bai ko dube ni ba, ya ce ranar da motar nan ta tashi zai turo kawunnansa gidanmu.

Ya kamata in yi murna. Sai gabana ya faɗi, domin na san amsar da za a ba su. Oca ta sha faɗi cewa ba za ta ba da 'yarta ga wanda ba shi da gonar dankali ko kamu ɗaya ba, mai baƙin farce, wanda iyayensa baƙi ne a kwarin. Ga kuma Yanga Mohira, matar yayana, tana ta yi wa ƙanenta mai shago a Gharm kamfe kamar za a yi zaɓe. Muddin injin yana rataye, Behruz zai shigo gidanmu kullum da safe. Idan ya tashi, za a ce musu a'a, ƙofa ta rufe.

Sati uku aka yi ana jiran zobban daga Dushanbe, babban birninmu. Da suka iso na ji Behruz yana cewa saura aikin kwana biyu. Kwana biyu! Da yamma ina kwashe kofuna, na ɗauke kwalin na cusa a cikin mayafina. A wautata na ɗauka za a ce ya ɓata, a sake aikawa, in samu wasu sati uku.

Ban san Yanga Mohira tana kallona ta taga ba.

Ita ce yanzu ta leƙo daga wannan tagar, da murya mai zaƙi kamar ba ta san komai ba. Ta ce ita dai mace ce, ba ta san inji ba, amma ta san mutum ɗaya ne yake shigowa gidan nan da jaka ya fita da jaka, kuma sabbin zobba ba sa kwantai a kasuwar Gharm.

Aka Sorbon ya haɗe rai. "Zazzage jakar, Usto."

Behruz bai motsa ba. Sai ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, ba roƙo ba ne, kallo ne kawai na mai jira.

Kalma uku suka rage mini: ni na ɗauka. Amma bayansu akwai tambaya, don me? Kuma amsar tana nufin in tsaya gaban yayana da dattawa uku in ce ina son namiji har na yi sata dominsa. Sai na sunkuyar da kai ina kallon buta.

Na ji ƙarar ƙarafa suna zuba a ƙasa. Sifanoni, filaya, gurasar da mahaifiyarsa ta naɗe masa a ƙyalle. Babu zobba. Yayana ya ce ai ɓarawo ba ya dawowa da abin da ya ɗauka jiya. Behruz ya durƙusa ya tattara kayansa, ya kaɗe ƙasa daga gurasar, ya yi wa dattawa sallama ya fita.

Kafin azahar labari ya kai har gadar da ke ƙarshen ƙauye.

Kwana huɗu na yi ban iya haɗiye ko lomar shinkafa ba. Yanga ta same ni a ɗakin ajiya ta ce in kwantar da hankalina, sirrina yana hannunta, ita ma ai taimakona ta yi. A ranar na gane akwai rufin asirin da ya fi tonon asiri ɗaci. Na buɗe akwati, na ɗauki kwalin, na kai shi gaban Oca da Aka Sorbon na faɗi komai, har da wanda ba a tambaye ni ba.

Oca ta dafe ƙirji. Yayana ya daɗe yana kallon kwalin, fuskarsa ta yi fari fat. Bai mare ni ba, da ma ya yi. Ya sa hularsa ya nufi gidan su Behruz.

Washegari Behruz ya dawo. Ya gaishe da Oca kamar kullum, ya shimfiɗa bargonsa, ya fara sa zobban. Shayin da na kawo ya huce a inda na ajiye shi. Sai a rana ta biyu, bayan an sauke injin cikin motar, yayana ya tafi aro batir, na samu na matso.

"Behruz-jon..."

"Riƙe mini nan," ya ce, ya miƙo mini sifana.

Na riƙe. Hawayena suna ɗiga a kan ƙarfen.

"Na san ke ce tun da safen," ya ce yana ɗaure noti. "Babu mai taka gefen bargon nan bai ture komai ba sai ke. Wallahi har dariya na yi a raina. Da shekara kika ɓoye su, da kullum zan zo in yi kamar ina nema."

"To ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin in fita ƙofar can. Amma na jira ki, Sabohat. Da aka ce in zazzage jaka, na jira ki."

Na ce yanzu zan fita in faɗa wa duk ƙauye, gida gida, in fara da dattawan nan uku. Ya girgiza kai. Ya ce ya riga ya sa Aka Sorbon ya rantse cewa maganar ba za ta wuce gidajenmu biyu ba, za a ce kawai an sayo wasu zobban. Ya ce shi namiji ne, zai iya ɗaukar sunansa ya tafi da shi wani gari, ni kuwa a nan zan zauna da nawa har tsufa.

"Wane gari?"

"Ɗan kawuna ya samar mini aiki a wani gareji a Rasha. A nan babu mai sake ba ni mabuɗin motarsa. Mahaifiyata kuma ta ce ƙafarta ba za ta taka gidan da aka zubar mata da gurasa a ƙasa ba."

"Ni fa?"

Ya karɓi sifanar daga hannuna a hankali, yatsunsa ba su ko taɓa nawa ba. "Ke ki shiga ciki, raina. Yayanki ya kusa dawowa."

Da la'asar aka zuba ruwa da baƙin mai, aka ɗaura batir. Behruz ya murɗa mabuɗi. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka watse, maƙwabta suna tafi suna cewa ai dama sun faɗa. Oca ta fashe da kuka don ta ji muryar motar mijinta. Ni ma na yi kuka, kowa ya ɗauka namu ɗaya ne.

Behruz ya ƙi karɓar ladan aikinsa. Abu ɗaya ya roƙa, a sauke shi a tashar Gharm gobe da safe. Don haka shi ne fasinjan farko da motar ta ɗauka. Na tsaya a bayan ƙofa ina sauraren injin yana gangara, kwana bayan kwana, har ƙarar kogi ta haɗiye shi.

Ƙanen Yanga ya turo, na ce a'a. Wasu biyu suka turo, na ce a'a, har Oca ta gaji ta daina tambaya. Idan maza suka zauna shan shayi a dandamalinmu, wani lokaci hira takan biyo ta kansa, su ce yaron ya iya aiki, sai dai dogon hannu. Aka Sorbon yakan tashi ya bar wurin. Ni nake zuba musu shayin.

An ce ya yi aure a can, an ce yana da 'ya mace. Ban tambayi sunanta ba.

Shekara shida ke nan. Kullum da safe idan yayana ya shiga motar, nakan tsayar da abin da nake yi in kasa kunne, ina roƙon Allah a raina ya sa yau ta ƙi tashi, ko wani zai ce a nemo Behruz.

Ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙi ba.