Ɓarawon da Ya Bar Sabuwar Firinta

Ranar Litinin, kafin ƙarfe tara, Alhaji Umaru ya shigo komisariyar 'yan sanda ta Konni yana haki. Shi ne shugaban wata ƙungiyar manoman albasa mai buro, wato ofis, a kan hanyar Malbaza. Wata budurwa na biye da shi, kanta a sunkuye.

"Insifekta, an sace muna firinta. Ga mai makulli nan, Kande, sakatariyata. In ba a ga abin ba, ta bar aiki, kuma kowa cikin garin ga sai ya ji dalili."

Insifekta Barmo ya dube ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Makulli kawai take murzawa a tafin hannunta.

"Mu tafi mu gani," in ji shi.

Ba a fasa ƙofar buron ba, taga ma lafiya lau. A kan teburi, kusa da kwamfuta da na'urar faks, ga gurbin da firintar ta bari. A lungu kuma ga wani babban kwali.

"Wannan fa?"

"Sabuwa ce dal," in ji Alhaji. "Ni na sayo ta Sakkwato bara."

"Ɓarawo ya tsallake sabuwa cikin kwalinta, ya ɗauki tsohuwa?"

"Wawa ne."

Shekara ashirin da uku Barmo yana aikin nan, wawayen ɓarayin da ya gamu da su ba su cika hannu ɗaya ba. Ya juya ga Kande.

"Sabuwar ba ta aiki da kwamfutarmu, ranka ya daɗe," ta ce. "Mutanen froje na tallafin manoma da suka ba mu kwamfutar, Linuks suka saka mata, tsarin nan da ake bayarwa kyauta. Faifan da ya zo cikin kwalin kuwa na wani tsari ne daban. Tsohuwar kaɗai ke jin maganarta."

"Wa ya san haka?"

"Ni."

"Sai wa?"

"Ni kaɗai."

Ta yi saurin amsawa. Barmo ya ajiye wannan a ransa, ya fita.

Maigadi Labo yana zaune a inuwar itacen bedi. Dattijo ne siriri, muryarsa a dishe.

"Baba Labo, jiya Lahadi kana ina?"

"Nan. Ko taki ɗaya ban gusa ba."

"Kai ma ka yi asara kamar ni. An ce kokawar jiya ba ta yi daɗi ba, wai ɗan Dogarawa ya faɗi tun kamun farko."

"Wa ya faɗi? Ƙarya ake maka! Shi ya ɗaga ɗan Bazaga sama haka, ya..."

Labo ya tsaya, hannayensa a sama. Ya sauke su a hankali.

"Awa biyu kawai, Insifekta. Daga la'asar."

"Makullinka fa?"

"Ƙarƙashin randa."

"Wa ya san da shi a nan?"

"Duk wanda ya taɓa shan ruwa gidan ga."

Barmo ya koma ciki. Bai san komai game da kwamfuta ba, rahotonsa har yau da keken rubutu yake buga shi, da yatsu biyu. Amma ya san ana duba bayan abu. Ya leƙa bayan akwatin kwamfutar, inda wayoyi ke shiga. Rami ɗaya ba waya a cikinsa. An toshe shi da auduga, an manne da salatif.

"Wannan na mene ne?"

Labo, da ya biyo shi yana neman gyara sunansa, ya ce, "Don zanzaro. In ya ga rami sake, kwana biyu ya gina ɗakin laka ciki."

"Ke kika toshe?"

Kande ta kawar da kai. "A'a."

"Kunna ta."

Ta kunna, ta buga kalmar shiga. Ya ce ta nuna masa aikin ƙarshe da aka ba firintar. Ta jima kafin ta buɗe wurin.

"Ran Asabar na tura sunayen manoma ɗari biyu da sha biyu masu neman taki. Wuta ta ɗauke kafin su fito, sai suka tsaya a layi."

"Yanzu suna ina?"

"Suna nan." Muryarta ta yi ƙasa. "An dakatar da layin jiya, ƙarfe huɗu da minti goma, kafin a cire waya. Ba abin da ya taɓa su."

Barmo ya zauna a bakin teburi. Ɓarawo mai tsoron zanzaro, mai tausayin aikin sakatariya, wanda kuma ya san kalmar shiga.

"Alhaji, wa ya haɗa tsohuwar da kwamfutar nan tun farko?"

"Mahamudu mai gyara, na bayan tasha. Sati bakwai yana zuwa kullum da yamma, yana shanye mini shayi. Yau ta fitar da haruffa kamar tafiyar tururuwa, gobe ta fitar da farar takarda hamsin. Har dai ya shawo kanta. Wata shida ke nan ko tari ba ta yi ba."

"Tun daga nan bai dawo ba?"

"Ya zo sau biyu, wai a bar shi ya gwada sabuwar. Na ce masa don mi? Tsohuwa na aiki."

Kande tana kallon bango.

"Ɗauko mayafinki," in ji Barmo. "Za ki shiga mota."

Shagon Mahamudu ɗaki ɗaya ne, cike da gawarwakin rediyo da kwamfutoci. Shi kansa dogo ne mai tabarau, ya kai shekara talatin. Da ya ga kaki sai ya miƙe.

"Ka ji an yi sata a buron 'yan albasa?"

"Ban ji ba. Allah shi kyauta."

"Jiya da la'asar kana ina?"

"Nan, ina aiki."

A kan kantarsa akwai wata kwamfuta da aka kawo gyara. Duk ramukan bayanta an toshe su da auduga da salatif. Barmo ya gani, ya ɗauke kai.

"To, madalla. Dama sanar da kai na zo yi, tun da ka san wurin. Mun kama mai laifi. Ga ta can."

Mahamudu ya leƙa waje. Kande na zaune a bayan motar 'yan sanda, masu kabu-kabu sun fara taruwa suna kallo.

"Ita? Ba ita ba ce!"

"Ita ke da makulli, ita ke da kalmar shiga. Aikin dai ta riga ta rasa shi."

Mahamudu ya cire tabarau, ya mayar. Sannan ya tsuguna, ya janye wani zane daga ƙarƙashin kanta. Ga tsohuwar firinta, an goge ta tas, har murfinta da ya tsage an ɗinke shi da waya.

"Ni ne, Insifekta. Ba sayarwa zan yi ba. Na ce in babu tsohuwa dole su kira ni in tayar da sabuwa. Wannan kuwa, wallahi sai ta ci wata uku."

"Wata uku na shayin Alhaji?"

Mahamudu ya saci kallon motar da Kande ke ciki.

"Kai da ka iya sa ƙarfe ya yi magana da ƙarfe, ka kasa aika kawunka gidan ubanta? Ɗauki kayan mutane, mu tafi."

A buro Barmo ya sa shi ya mayar da komai da hannunsa. Ya cire audugar, ya soka waya, ya buga layi ɗaya. Firintar ta yi gyaran murya, ta fara fitar da sunaye. Alhaji ya sa hannu, Kande ta tura su Yamai ta faks.

Alhaji ya sosa ƙeya. "Kande, ɗiyata, ki yi haƙuri. Na yi gaggawa. Kujerarki ce."

"Ba komai, Baba."

"Shi kuwa wanga, sai ya ɗanɗana."

Barmo ya riƙe hannun Mahamudu, bai ga amfanin ankwa ba. Sun kai bakin mota sai Kande ta biyo su. Ba ta dubi Mahamudu ba.

"Insifekta, kwana nawa zai yi?"

"Ya danganta da Alhaji. In ya janye ƙara, ba zai daɗe ba. Me ya sa?"

"Akwai sikana cikin kabad, mai ɗaukar hoton takardu. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa aiki ba."

Barmo ya tura Mahamudu cikin mota, ya rufe ƙofa.

"Daina murmushi," ya ce masa. "Komisariya za mu."