Sawun Keke a Hannun Dama

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, ranar wata Juma'a bayan an sakko masallaci, aka zo ofis aka gaya wa Sufeto Na'Allah an yi sata a masaukin Goggo Dela, nan bakin kasuwar Bagudo.

Masauki ne na talakawa. Ka ba da sisi, a ba ka tabarma da tuwo. Ƙunshinka kuwa ka miƙa wa Goggo amana, ba ya dawowa hannunka sai ka zo sallama. Shekara talatin ko allura ba ta taɓa ɓata a gidan ba.

Yau ga keke ya ɓace. Na Bunyaminu ne, ɗan makarantar horon malamai da ya fito hutu yana zaga ƙasa, inda rana ta faɗi nan ne gida. Keken ma na babansa ne.

Sufeto ya tarar an ɗaure wani baƙo Bafillace, Yero, a ginshiƙin zaure.

"Wa ya ɗaure shi?"

"Jama'a, ranka shi daɗe," in ji Ɗanliti, baƙo na uku, mai tsabtar riga da sakin baki. "Shi ɗai ne bai tahi masallaci ba."

"Zazzaɓi nika yi," Yero ya ce, haƙoransa na kaɗawa.

Goggo Dela ta dubi Sufeto. "Ɗana, wanga ko ludayi bai iya ɗagawa yau. In ka tahi da shi, ka tahi da sunan gidana."

Sufeto ya zaga bayan gida. An yi ruwa da safe, ga sawun taya kwance ya hau hanyar iyaka. Ya bi shi har inda shanu suka tattake. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Sawun bai taɓa barin gefen dama ba, alhali nan ne laka ta fi yawa.

A lokacin nan hagu ake bi a ƙasarmu. Mutanen Dahome ne ke bin dama.

Ya dawo zaure.

"Ɗanliti, kai mutumin ina ne?"

"Kende. Can aka binne cibiyata."

"Ka taɓa ƙetare iyaka?"

"Mi zan nema can?"

"Ka iya keke?"

"Kaɗan-kaɗan."

"To hau nawa, ka kira min kofur a ofis ya zo da ankwa."

Ɗanliti ya ɗare keke da murna, Sufeto ya tsaya ƙofa yana kallo. Sai ga motar gyaɗa ta fito daga kasuwa. Duk mai jaki da mai keke ya matsa hagu. Ɗanliti ya karya dama, ya shiga gaban mota. Direba ya taka birki, ya leƙo yana zagi.

Sufeto ya taka a hankali ya riƙe kan keken.

"A Kende aka koya maka haka?"

Ɗanliti ya sauko daga keken.

"Shekara bakwai ina masinja a Kandi, can Dahome," ya ce. "Faransawa suka tahi, aiki ya bi su. Keken yana cikin gonar dawa, bayan mashayar shanu."

"Me ya dawo da kai?"

"Ƙunshina. Na san Goggo ba ta ba ni sai da sallama."

Bunyaminu ya ruga gonar. Goggo Dela ta durƙusa da kanta ta kwance Yero, ta lulluɓe shi da mayafinta. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin Ɗanliti, ƙullin nan yadda ya ƙulla shi.

"Kwance ka duba gaban Sufeto."

Ya kwance.

"Akwai abin da ya ɓace?"

"Babu, Goggo."

"To faɗi da ƙarfi, 'yan kasuwa su ji."

Ya faɗi. Sufeto ya aiki yaro ofis, kofur ya iso da ankwar da aka aiki Ɗanliti nema, aka tasa ƙeyarsa, ƙunshi a ka.