Bindigar da Kaka Sallau Ya Ɓoye

Ku matso. Ku rage murya. Wannan a gidanmu aka yi shi, kafin a haife ku.

Da kakanmu Sallau maharbi ya rasu, ana kwashe ɗakinsa sai aka tarar da bindiga a cikin jinka, naɗe da fatar akuya. Tsohuwar adaka. Shekara talatin ba wanda ya ganta. Mai unguwa ya ce doka ce: ko a miƙa ta ga 'yan sanda, ko magaji ɗaya ya nemi lasisi da sunansa.

Innata ta ce wa yayanta, "Yaya Jatau, a miƙa ta. Baba bai ɓoye ta a banza ba."

"Ina ruwan mace da bindiga?" in ji shi.

Haka Kawu Jatau yake, komai na gado sai ya danne. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ya yi ta zarya birni har takarda ta fito. Ranar ya taso a kan babur da rana tsaka, bindiga a rataye, ya biyo ta kurmin bayan gari. Ba kukan tsuntsu. Ba iska.

Sai ga wata tsohuwa a bakin rafi.

"Ɗan nan, rage mini hanya."

Ta hau. Babur bai ji nauyinta ba ko kaɗan.

"Bindigar wa?"

"Tawa ce, Iya."

"Ta Sallau dai."

Ya dake. "Ya rasu. Hukuma ta rubuta mini ita."

"Da sunanka?"

"Da sunana."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya saci kallon ƙafarta. Kofato ne, irin na barewa. Babur ya mutu da kansa.

"Da ita aka harbe mini ɗa yana shan ruwa a nan," in ji ta. "Ubanka ya durƙusa yana kuka, ya rantse ba wanda zai sake kiranta tasa. Na ƙyale shi. Shekara talatin ina jira."

"Wallahi ban taɓa harba ta ba!"

"Ɗana ma bai yi muku komai ba. Ɗa ɗaya gare ka, ko? Ga shi can gida yana wasa a gindin rijiya."

Nan Kawu ya zube ƙasa. Duk son kansa, ya ce, "Iya, ki ɗauka a jikina. Ki bar mini yaro."

Ta sauko daga kan babur. Sannan ta kama hannunsa na dama, a hankali, kamar mai gaisuwa. Ta shige kurmi.

Kafin ya isa gida hannun ya bushe kamar kara. Washegari Innata ce ta raka shi wajen 'yan sanda, ita ta riƙe bindigar. Da hagu ya dangwala a takardar miƙa ta.

Yaron ya rayu, ku daina zaro ido. Amma tsohuwar ba ta ce ta yafe ba. Duk wanda jinin Sallau ke jikinsa, kada ya kuskura ya bi ta rafin nan shi kaɗai.